Matakan Kula da Sabar Lokaci ta Tagar Umarni, ga Masu Ɗakin Kwamfuta a Kabo da Gwarzo

Ka shiga ɗakin kwamfuta da safe bayan an kwana babu wuta, ka kunna injinan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana duba agogon da ke kusurwar allo. Da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Wannan ta ce takwas da minti biyu, waccan takwas saura kwata, wata kuma can lungu ta koma shekarar da aka ƙera ta. Ba a cika damuwa da abin ba, sai ranar da burauza ta ƙi buɗe shafin banki domin a lissafinta takardar shaidar shafin ba ta fara aiki ba tukuna, ko ranar da lambar sirrin nan mai sauyawa duk bayan sakan 30 ta ƙi karɓuwa, ko kuma ranar da aka yi sata aka je duba kyamarar tsaro aka tarar agogonta bai yi daidai da na na'urar ɗaukar yatsan ma'aikata ba. A ofishin da kwamfutocin Windows ke ƙarƙashin saba guda, saɓanin minti 5 kawai ya isa ya hana mutum shiga da kalmar sirrinsa, alhali daidai ya rubuta ta.

A Kabo da Gwarzo, da garuruwa irin su Garo da Getso, wannan matsala ta fi tsanani bisa dalilai uku da kowa ya sani: wuta ba ta zama, intanet ɗin ta rauta mai sim ce da sabis kan zo ya tafi, kuma injiniyan da za a kira yana can cikin birnin Kano. Saboda haka duk mai riƙe da ɗakin kwamfuta, na makaranta ne, na asibiti, na sakatariyar ƙaramar hukuma ko cibiyar jarrabawa, ya kamata ya ware inji ɗaya ya zama shi ke karɓo lokaci daga waje ya raba wa sauran, sannan ya iya yi masa tambaya da kansa. Kafa sabar aikin rabin awa ne. Iya karanta amsar da take bayarwa shi ne aikin, kuma a nan zan fi daɗewa.

Ƙa'idar da kwamfutoci ke tambayar juna lokaci da ita sunanta NTP. David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ne ya tsara ta, aka fara wallafa ta a 1985, shi kuma ya rasu a Janairun 2024. Manhajar da na zaɓa ita ce chrony, wadda Richard Curnow ya fara rubutawa tun zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho, a haɗa a yanke. An gina ta ne domin injin da ba kullum yake kan layi ba, wato irin halin da muke ciki.

Mataki na ɗaya: ka buɗe injin tukuna

Ka zaɓi kwamfutar da za ta riƙa riga kowa tashi ta kuma bi bayan kowa kwanciya, ka ɗora ta kan inbata ko sola, ka sa mata Linux, ko Ubuntu ko Debian. Ba ta buƙatar ƙarfi. Tsohuwar kwamfuta ma ta wadatar. Ka ba ta adireshin da ba ya sauyawa. A duk misalan nan zan ɗauka adireshinta 192.168.1.10 ne.

Kafin ka rubuta komai, kashe ta, zare waya, kwance murfin gefe. A kan madabod za ka ga wani ɗan batir fari mai faɗin kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa, galibi ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. Shi ke riƙe da agogon injin idan babu wuta. Ka danna ɗan ƙarfen da ke gefensa da farce, zai ɗago. Sabo yana ba da bolt 3. Idan mita ta nuna ya yi ƙasa sosai, ko ba ka san shekarar da aka sa shi ba, ka sauya. Masu gyaran agogo da masu gyaran waya suna sayar da shi. Na sa wannan a gaba ne domin mataccen batir yana iya rushe duk abin da za mu gina a ƙasa.

Mataki na biyu: yankin lokaci

Buɗe taminal, baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, ka buga:

```
timedatectl
```

Ka duba layin Time zone. Najeriya tana gaban lokacin duniya na UTC da awa ɗaya cif, rani da damina, ba ma matsar da agogo kamar Turai. Idan ba Africa/Lagos ka gani ba:

```
sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos
```

NTP ba ruwanta da yanki, UTC kawai take rabawa, kowane inji shi ke ƙara awarsa. Don haka duk lokacin da ka ga kwamfuta ta saɓa da awa ɗaya daidai, ba ƙari ba ragi, kada ka zargi saba. Yankin ne aka saita ba daidai ba.

Mataki na uku: girka chrony da rubuta saitinta

```
sudo apt install chrony
sudo nano /etc/chrony/chrony.conf
```

A Rocky ko Fedora fayil ɗin yana /etc/chrony.conf, sunan hidimar kuma chronyd. Ka tabbatar waɗannan layuka suna ciki:

```
pool africa.pool.ntp.org iburst
server time.cloudflare.com iburst
driftfile /var/lib/chrony/chrony.drift
makestep 1 3
rtcsync
allow 192.168.1.0/24
local stratum 10
logdir /var/log/chrony
log tracking measurements statistics
```

Layin pool zai jawo maka sabobi har huɗu daga rukunin masu sa kai na Afirka, na biyun ya ƙara ɗaya. Kada ka tsaya kan biyu: idan suka saɓa, chrony ba ta da hanyar gane mai gaskiya. Huɗu zuwa sama ne kwanciyar hankali. Kada kuma ka cakuɗa time.google.com da waɗannan, domin Google na da nata salon na shigar da sakan ɗin da akan ƙara wa agogon duniya jefi-jefi; tana narkar da shi a hankali cikin sa'o'i, sauran kuma suna saka shi lokaci guda. An ƙara irin wannan sakan na baya-bayan nan a ƙarshen Disambar 2016.

Kalmar iburst tana sa a yi tambayoyi da sauri a farkon tashi. Layin makestep 1 3 yana ba chrony izinin tsallakar da agogo kai tsaye idan kuskuren ya wuce sakan ɗaya, amma a gyara uku na farko kawai. Shi kuwa rtcsync yana sa a riƙa kwafe sahihin lokaci zuwa agogon batir duk minti 11. Ajiye fayil ɗin, sannan:

```
sudo systemctl restart chrony
systemctl status chrony
```

Mataki na huɗu: tambayi sabar halin da take ciki

```
chronyc tracking
```

Layuka goma sha uku za su fito. Ka fara da na ƙarshe, Leap status. Idan ya ce Normal, madalla. Idan ya ce Not synchronised, sabarka ba ta jingina da kowa ba, kuma sauran lambobin ba su da amfani tukuna.

Daga nan ka koma na farko, Reference ID, wanda ke faɗa maka wurin wa take karɓar lokaci yanzu. Ka haddace wannan lamba: 7F7F0101. Duk ranar da ka gan ta, sabar ta rasa kowa a waje, ta koma dogaro da agogon cikinta tana rabawa. A wannan hali Leap status zai ci gaba da nuna Normal, shi ya sa kallon layi ɗaya ba ya wadatarwa.

Stratum kamar isnadi yake a wurin malaman hadisi: wane ya ji daga wane. Agogon atam ko na tauraron GPS shi ne tushe, matakin 0. Injin da ke manne da shi 1 ne, wanda ya karɓa daga gare shi 2, haka har 15. 16 na nufin babu jingina ko kaɗan. Sabarka za ta riƙa nuna 2, 3 ko 4, duk lafiya ne. Gajeren isnadi ba shi kaɗai ke nuna inganci ba: saba mai mataki 3 da ke kusa, hanyarta ba cunkoso, takan fi mai mataki 1 da ke wata nahiya.

System time shi ne tazarar da ta rage tsakanin agogon injin da abin da chrony ta yi imani shi ne daidai. Last offset kuskuren da aka auna a gyaran ƙarshe, RMS offset kuma matsakaicinsa na tsawon lokaci. A kan intanet ta sim, saƙo kan fi daɗewa a tafiya ɗaya fiye da ɗayar, don haka kada ka tayar da hankali idan ka ga milisakan goma ko ashirin. Kashi ɗaya cikin hamsin na sakan ke nan, babu aikin ofis ko na makaranta da zai ji shi. Abin da zai sa ka miƙe zaune shi ne sakan guda cikakke ko fiye, awa ɗaya bayan an kunna inji.

Layin da na fi so mutane su fahimta shi ne Frequency. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan dutsen kwaz mai kaɗawa, kuma babu wanda ke kaɗawa daidai cif. Idan ka ga 20.000 ppm fast, ma'anarsa agogon yana ƙara sakan 20 a cikin kowane sakan miliyan. A rana ɗaya sakan 1.7 ke nan, a kwana 30 kusan sakan 52. Chrony tana koyon wannan hali na injinka, ta rubuta shi a driftfile, ta riƙa rage masa gudu ko da babu intanet. Amma zafi yana sauya kaɗawar dutsen. Injin da ya koyi halinsa a sanyin Janairu ba haka zai yi ba a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, balle a ɗaki mai rufin kwano da fankarsa ke tsayawa tare da janareta. Layin Skew yana nuna iya shakkar chrony game da wannan lissafi. Ƙasa da 1 ppm abu ne mai kyau. Idan Skew yana ta hawa da sauka, ka duba iskar ɗakin kafin ka duba saiti.

Idan shugaban makaranta ya tambaye ka, “Malam, wai agogon nan naka daidai yake kuwa?”, akwai amsar da ta fi “in sha Allahu daidai ne, ranka ya daɗe.” Ka ɗauki System time, ka ƙara Root dispersion, ka ƙara rabin Root delay. Jimillar ita ce iyakar kuskuren da agogon zai iya yi, muddin tushen da aka karɓo daga gare shi daidai yake. Sai ka ce masa kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, ka juya masa allo ya gani.

Mataki na biyar: duba waɗanda take sauraro

```
chronyc sources -v
```

Ga siffar abin da za ka gani; sunaye da lambobin na kwatance ne:

```
MS Name/IP address  Stratum Poll Reach LastRx Last sample
^* saba-ta-farko       2      8   377    112   -3ms +/- 41ms
^+ saba-ta-biyu        3      8   377     95   +5ms +/- 58ms
^- saba-ta-uku         2      8   357    240  +19ms +/- 97ms
^? saba-ta-hudu        0      6     0      -   +0ns +/- 0ns
```

Alama ta biyu a farkon layi ita ce hukuncin chrony. Tauraro na nufin wannan ce aka zaɓa. Alamar tarawa na nufin ana haɗa ra'ayinta da na zaɓaɓɓiyar. Alamar ragewa, an ji ta amma an ajiye ta gefe. Harafin x na nufin ta saɓa wa jama'a, ana zargin ƙarya take yi. Alamar ~ tana nuna amsoshinta ba su tsaya wuri ɗaya ba. Alamar tambaya kuwa, ba a samun ta ko ba ta cancanta ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: dole a samu tauraro ɗaya. Babu tauraro, babu daidaito.

Poll ba sakan ba ne kai tsaye. Lamba 6 na nufin ana tambaya duk sakan 64, 8 sakan 256, 10 kuma sakan 1024. Hawansa alama ce mai kyau, chrony ta natsu da agogon har ta rage yawan tambaya. Datar da wannan aiki ke ci ba ta taka kara ta karya ba, kada mai biyan kuɗi ya ji tsoro.

Reach ne ke ruɗa sababbin shiga, alhali shi ya fi kowane faɗa maka gaskiyar sabis ɗinka. Tarihin tambayoyi takwas na ƙarshe ne, an rubuta shi a lissafin tushe takwas. Idan an fara, zai hau kamar haka: 1, 3, 7, 17, 37, 77, 177, 377. Lamba 377 na nufin takwas ɗin duk an amsa. Idan tambaya ɗaya ta faɗi, za ka ga 376, sannan giɓin ya yi ta matsawa: 375, 373, 367, 357, 337, 277, 177, har ya fice a koma 377. Wannan ba komai ba ne, sabis ne ya ɗan yi tuntuɓe. Amma idan ka ga 376, 374, 370, 360, 340, 300, 200, 0, to an yanke gaba ɗaya. Idan saba ɗaya ce ke gangarowa haka, matsalarta ce. Idan dukkansu ne tare, ka tashi ka duba rauta: ko data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke.

Umarni biyu na taimaka wa wannan. `chronyc activity` zai ƙirga maka nawa ke kan layi, nawa ba sa kai, nawa kuma aka kasa gano adireshinsu. Wannan na ƙarshen yana yawan faruwa idan saba ta riga rauta tashi bayan an tayar da janareta. `chronyc sourcestats` kuma yana nuna yawan awon da aka tara wa kowace saba da yadda suke warwatse.

Mataki na shida: buɗe wa 'yan gida ƙofa, rufe wa na waje

NTP tana aiki ta ƙofa mai lamba 123 ta UDP. Chrony ba ta buɗe ta sai ta ga layin allow. Tabbatar:

```
sudo ss -ulnp | grep 123
sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 123 proto udp
sudo chronyc accheck 192.168.1.20
```

Na ƙarshen zai faɗa maka ko an yarda wa wannan adireshi ya yi tambaya.

Kada ka rubuta allow all don neman sauƙi. A 2013 da 2014 ɓata-gari sun yi amfani da sabobin lokaci da aka bari a buɗe wajen kai hari: su aika ƙaramar tambaya ta monlist da adireshin wanda suke so su cutar, tsohuwar manhajar ntpd ta mayar masa da jerin adireshi har 600. A Fabrairun 2014 kamfanin Cloudflare ya ba da rahoton irin wannan hari da ya kai kusan gigabit 400 a sakan. Chrony ba ta da wannan umarni, amma babu dalilin da zai sa sabar makaranta a Kabo ta riƙa amsa wa duniya da datar makaranta. Ƙofar da chronyc ke ba da umarni ta ita, 323, a kulle take ga kowa sai injin kansa. Ka bar ta haka. Idan kana so ka duba daga gida ko daga Kano, ka shiga ta ssh.

Yanzu ka ga masu zuwa:

```
sudo chronyc clients
sudo chronyc serverstats
```

Na farko zai jero adireshin duk injin da ya taɓa tambaya, sau nawa, da kuma yaushe rabonsa. Ka riƙe takardar jerin kwamfutocin ɗakin ka gwada. Wadda ba ta cikin jerin, ko wadda rabonta da tambaya ya kai kwanaki alhali a kunne take, ita ce za ta ba ka kunya.

Mataki na bakwai: juyo da sauran injinan

A kwamfutar Linux, layi ɗaya ne a fayil ɗin chrony: `server 192.168.1.10 iburst`. A Windows, buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa:

```
tzutil /s "W. Central Africa Standard Time"
sc config w32time start= auto
net start w32time
w32tm /config /manualpeerlist:"192.168.1.10,0x8" /syncfromflags:manual /update
w32tm /resync
w32tm /query /status
```

Ka duba layin Source, ya nuna adireshin sabarka. Idan ya ce Local CMOS Clock, ba ta karɓa ba. Don ganin tazarar da idonka:

```
w32tm /stripchart /computer:192.168.1.10 /samples:5 /dataonly
```

Windows ɗin da ba ta ƙarƙashin domen, wato saba guda mai kula da kwamfutocin ofis, tana ƙin gyaran da ya wuce awa 15. Kwamfutar da batirinta ya mutu ta farka a wata shekara ba za ta gyaru da resync ba. Sai ka kusanto da kwanan wata da hannu, sannan ka sake bugawa, sannan ka sauya batir. Idan kuwa ɗakin yana ƙarƙashin domen, babbar sabar domen kawai za ka juyo, sauran suna bin ta. Na'urar kyamarori da ta ɗaukar yatsa galibi suna da gurbin NTP a saitinsu, ka zuba adireshin a ciki.

Mataki na takwas: ranar da sabis ya ɗauke

A nan gizo ke saƙa. Layin local stratum 10 da muka rubuta shi ke sa sabar ta ci gaba da raba lokaci ko ta rasa intanet, kuma muna buƙatarsa, domin gara ɗaki ya yi kuskuren sakan biyu tare da kowane inji ya kama gabansa. Amma ka auna wannan: an kwana babu wuta, batirin madabod ya mutu, da safe an tayar da janareta, sabis bai zo ba. Sabar za ta farka da kwanan watan banza, ta kuma raba wa duk wanda ya tambaya ba tare da wata shakka ba. Abin da aka kafa don gyara ya zama shi ke ɓatawa.

Kariya uku ce. Batir mai rai, wanda muka riga muka yi. Ta biyu, ka buɗe /etc/default/chrony ka ƙara -s a cikin DAEMON_OPTS; da wannan, idan agogon batir ya koma baya, chrony za ta ɗauki lokacin da aka taɓa driftfile na ƙarshe, wanda ko ba daidai ba ne ya fi kusa da gaskiya. Ta uku ɗabi'a ce: saba da rauta su riga kowa tashi, ka buga tracking, ka ga lambar da ba 7F7F0101 ba, sannan a kunna sauran. Idan sabis ya ƙi zuwa, ka gwada `date` da `sudo hwclock --show` da agogon wayarka kafin ka bar kowa ya kunna.

Wurin da sabis ke yawan yankewa na kwanaki, maganin dindindin shi ne ƙaramar na'urar GPS mai shiga ta USB, a sa ta bakin taga, a haɗa ta da chrony ta manhajar gpsd. Tauraro ba ya buƙatar data. Wannan darasi ne mai zaman kansa.

Da sabis ya dawo, ba sai ka jira ba:

```
sudo chronyc online
sudo chronyc refresh
sudo chronyc burst 4/8
```

Na farko yana sanar da ita an dawo kan layi, na biyu ya sa ta sake neman adireshin sabobin, na uku ya ce ta yi ta tambaya har ta samu amsa huɗu masu kyau cikin gwaji takwas.

Mataki na tara: gyara, da sanin lokacin da ba a gyara

Chrony ba ta son tsallake. Idan ta ga kuskure, takan ƙara wa agogo gudu ko ta rage har ya cimma daidai, kuma iyakar saurinta kashi ɗaya cikin goma sha biyu ne. Kuskuren minti ɗaya zai ci aƙalla minti 12, na minti biyar awa guda. Mai gaggawa yana da wannan:

```
sudo chronyc makestep
```

Nan take agogo zai yi tsalle. Ka yi hattara da shi, musamman idan tsallen na baya ne. Rumbun bayanai zai ga rasit na biyu ya riga na farko, rikodin kyamara zai hau kan na baya, manhajar da ke ƙirga wa ɗalibi minti tana iya ruɗewa. Ana buga makestep ne kafin a fara aiki ko bayan an tashi. Haka kuma kada ka saita agogon saba da `date` alhali chrony tana aiki. Za ka ɓata mata lissafin da ta daɗe tana tarawa.

Idan ka rasa gane abin da ke faruwa, karanta abin da ita kanta ta rubuta:

```
journalctl -u chrony --since today
```

Selected source na nufin ta zaɓi saba. Can't synchronise: no selectable sources na nufin ta rasa kowa. System clock wrong by, da lamba a gabansa, yana faɗa maka girman kuskuren da ta tarar. Idan wannan lamba tana da girma kowace safiya, batir ne. Idan kuma intanet tana aiki sarai amma Reach ya kafe a 0, wani abu ne ke toshe ƙofa ta 123 a hanya. Ka fara da saitin rauta, sannan ka gwada sim na wani kamfani.

Wanda ya gaji tsohon inji mai ntpd, `ntpq -p` ne madadin sources, kuma tauraro da 377 ma'anarsu ɗaya. Sai dai ntpd takan kashe kanta idan kuskure ya wuce sakan 1000, abin da ba ya yi wa mai fama da ɗaukewar wuta daɗi. Shawarata a mayar da shi chrony.

Mataki na goma: littafi

Ka ajiye ɗan littafi kusa da sabar. Kowace safiya layi ɗaya: kwanan wata, Reference ID, System time, Frequency, da yawan sabobin da ke kan 377. Minti biyu ne. Bayan wata biyu za ka san halin injinka, ka san sa'o'in da sabis ke yankewa a unguwarku, kuma ranar da lamba ta fita daga al'adarta za ka gane tun kafin wani ya kawo ƙara. Ka koya wa mutum na biyu waɗannan umarni, ka manna su a bango, domin ranar da ka tafi ɗaurin aure Karaye ɗakin ba zai tsaya jiranka ba.

Ga masu cibiyar jarrabawa: tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma injinan jarrabawa suna da ƙa'idojin hukumar da jami'anta. Kada ka sauya saitin komai a kansu ba da izini ba. Abin da ke hannunka shi ne ɗakinka kafin ranar: ka duba batiran tun saura mako guda, ka buga tracking da sources da clients a daren jajibiri da kuma da asuba, kuma da zarar ɗalibai sun zauna, ka ɗauke hannunka daga makestep har sai na ƙarshensu ya fita.